Daga Hanjin Tunkiya Zuwa Zaren Nailan: Tarihin Zaɓen Tsirkiyar Gogen Turawa

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ta da zancen gogen Turawa, wato abin kiɗan da suke kira bayolin, hankalin jama'a yakan tafi ne ga gwanayen da suka sassaƙa shi, irin su Amati da Stradivari da Guarneri na birnin Kiremona a ƙasar Italiya, da kuma maƙudan kuɗin da ake sayen aikinsu. Alal misali, a shekarar 2011 an yi gwanjon wani goge da Stradivari ya sassaƙa a 1721, aka saye shi fam miliyan 9.8 na Ingila. Ba kasafai akan tuna da tsirkiya ba, alhali kuwa ita ce harshen goge. Katako, komai tsadarsa, bebe ne har sai an ɗaura masa tsirkiya.

A wannan maƙala za mu bi sawun tsirkiyar nan tun daga ƙarni na 16 har zuwa yau. Manufarmu ita ce mu nuna cewa ba a taɓa samun tsirkiyar da ta haɗa komai da komai ba. Kowane zamani ciniki ya yi tsakanin abubuwa uku: zaƙin murya, da ƙarko, da sauƙin taɓawa a ƙarƙashin yatsa. In an samu ɗaya, sai an rage wani abu daga ɗayan. Makaɗin da ke tsaye a kanti yau yana zaɓen tsirkiya, wannan tsohon cinikin ne ya gada.

Siffar Gogen da Matsalarsa ta Asali

Mu da muka saba da namu gogen na ƙwarya da fatar guza, mun san tsirkiya ɗaya gare shi, ta gashin wutsiyar doki, ana goga ta da izga bayan an shafa ƙaro. Gogen Turawa, wanda ya bayyana a arewacin Italiya a farkon ƙarni na 16, tsirkiya huɗu gare shi, waɗanda ake yi wa laƙabi da haruffan G da D da A da E. Dukkansu suna hawa kan jaki ɗaya, kuma tsawon sashen da ke kaɗawa ɗaya ne, wato kimanin santimita 33. Amma muryoyinsu sun yi nisa da juna. Babbarsu, G, tana kaɗawa sau 196 a daƙiƙa guda, ita kuwa autarsu, E, sau 659.

Wani malamin Faransa mai suna Marin Mersenne ya bayyana ƙa'idar wannan al'amari a littafinsa na 1636. Abubuwa uku ne ke tsara muryar tsirkiya: tsawonta, da ƙarfin ɗaurinta, da nauyinta. Tun da tsawo ɗaya ne, kuma ba a son ɗaurin ya bambanta ƙwarai, to sauran nauyi. Idan muka bi lissafin, za mu ga cewa in da abu iri ɗaya aka yi su, aka kuma ɗaure su daidai wa daida, dole G ta fi E nauyi fiye da sau 11, ta kuma fi ta kauri fiye da sau 3. Nan matsalar take. Tsirkiya mai kauri takan yi tauri, ta yi nauyin baki, ba ta amsa izga da wuri. Siririya kuwa, a irin ɗaurin da E ke bukata, kullum tana bakin tsinkewa. Tarihin da za mu bayar duka ƙoƙari ne na warware waɗannan matsaloli biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama.

Zamanin Hanji

Fiye da shekara 300 da hanjin dabba ake yin tsirkiyar goge. Turawan Ingila suna kiranta da wani suna mai ma'anar hanjin kyanwa, amma hanjin tunkiya ne, musamman na 'yan raguna, daga baya kuma aka haɗa da na shanu. Aiki ne mai wari da wahala. Sai an karɓo hanjin daga mahauta da ɗuminsa, a wanke, a kankare kitse da majinar da ke jikinsa, a jiƙa shi kwana da kwanaki cikin ruwan toka ana sauyawa. Bayan nan a haɗa sili-sili gwargwadon kaurin da ake so, a murɗe, a turara da hayaƙin farar wuta, a shanya a miƙe, a goge, sa'an nan a shafa man zaitun. Yawan murɗi shi ke sa tsirkiya laushi, ƙarancinsa kuma shi ke ba ta ƙarfi. Saboda haka akan tsananta murɗin manya, a sassauta na ƙanana.

Italiya ce ta yi fice a wannan sana'a. A ƙarni na 17 masu yin tsirkiya a biranen Roma da Nafoli suna da ƙungiyoyi masu rubutattun dokoki, waɗanda suka tsara yadda za a raba hanjin mahautu da wanda ya cancanci ya buɗe wurin aiki. Da yawa daga cikin ma'aikatan daga ƙauyukan makiyaya na duwatsun Aburuzo suka fito, kamar ƙauyen Salle. Sana'a ce ta gado, uba ya koya wa ɗa, ba a kuma sakin sirrinta ga bare. Daga irin waɗannan gidaje ne manyan kamfanonin yau suka tsiro. Wani Ba'italiye, Giorgio Pirazzi, ya kafa wurin aikinsa a garin Ofenbak na Jamus a 1798, shi ne ya zama kamfanin Pirastro. Haka kuma iyalin D'Addario, waɗanda suka kafu a Niyok ta Amurka a farkon ƙarni na 20, mutanen Salle ne.

A wancan zamani zaɓen tsirkiya wani fanni ne na ilmin makaɗi, domin ba a samun biyu da suka yi daidai. Tsofaffin littattafan koyon kiɗa sun zana yadda ake gwaji. Makaɗi zai riƙe tsirkiya da hannu biyu ya miƙe ta, ya taɓa da ɗan yatsa, ya zuba ido. In ya ga inuwar layi biyu tsaf, to lafiyayya ce. In kuwa ya ga layi uku ko fiye suna rawa, to kaurinta bai daidaita ba, muryarta za ta yi ƙarya. Leopold Mozart, mahaifin shahararren mawallafin kiɗan nan, ya ba da wata dabara a littafinsa na koyar da goge na 1756. Ya ce a rataya wa tsirkiya biyu maƙwabtan juna nauyi iri ɗaya, a kaɗa su. In tazarar muryarsu ta yi daidai da wadda ake bukata a kan goge, to sun dace da juna. Abin da yake nema shi ne ɗauri ya zama bai ɗaya, yadda yatsa da izga ba za su ji wata ta fi wata tauri ba. Wato tun a lokacin ba kunne kaɗai ke zaɓe ba, har da hannu.

Shigowar Waya

Matsalar ƙasa ce aka fara warwarewa. A tsakiyar ƙarni na 17 aka gano cewa za a iya ɗaukar hanji matsakaici a naɗe shi da siririyar wayar azurfa ko ta jan ƙarfe. Da haka sai a samu nauyi ba tare da kauri ba. Ambato mafi daɗewa da aka sani yana cikin rubuce-rubucen Samuel Hartlib na 1659, sa'an nan a 1664 John Playford, mai buga littattafan kiɗa a Landan, ya yi tallar irin wannan tsirkiya. Sannu a hankali G mai naɗin azurfa ta zama ita ce ka'ida, muryar ƙasa ta fito ras, ta daina gunguni.

Wannan ƙaramar dabara ta taɓa har siffar kayan kiɗa. Babban ɗan'uwan goge mai muryar ƙasa, wanda ake kira celo, a da ƙato ne ƙwarai, domin sai da doguwar tsirkiya ake samun irin muryarsa. Da waya ta shigo, sai masassaƙa suka samu damar rage girmansa, makaɗa kuma suka samu saurin yatsa. Duk da haka, sauran tsirkiya ukun na goge sun daɗe a kan hanji tsantsa. A wurare da yawa D ba ta samu naɗi ba sai a ƙarni na 20.

Da Zaure Ya Faɗaɗa

Masu iya magana kan ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Daga ƙarshen ƙarni na 18 kiɗa ya fara fita daga fadojin sarakuna da majami'u, ya koma manyan zauruka inda jama'a ke biyan kuɗi su shiga. Makaɗa suka yawaita, aka bukaci amo mai kai wa kujerar baya. A birnin Faris, François Tourte ya daidaita sabuwar izga mai ƙarfi wajejen 1785. Masu gyara kuma suka bi tsofaffin gogunan Kiremona suna tsawaita wuyansu, suna karkata shi baya, suna ƙara tsayin jaki, suna sauya sandar da ke tallafe da fuskar goge daga ciki da wadda ta fi girma. Kusan duk gogen Stradivari da ake kaɗawa a yau an yi masa wannan aiki.

A wannan zamani ne Niccolò Paganini ya yi tashe, daga farkon ƙarni na 19 zuwa rasuwarsa a 1840. Gogensa, wanda Guarneri ya sassaƙa a 1743, yana nan ajiye a birnin Jenowa. Wasiƙunsa sun nuna yadda yake aikawa Nafoli a yi masa tsirkiya yadda yake so, ko da yana can wata ƙasa. Ya kuma wallafa kiɗan da ake yi a kan tsirkiyar G kaɗai, abin da zai yi wuya a yi tunaninsa kafin zuwan naɗin azurfa. Louis Spohr na Jamus ma, a littafinsa na 1832, ya nuna hoton wani ɗan ma'auni mai tsaga da ake auna kaurin tsirkiya da shi, don makaɗi ya riƙa sayen abin da ya dace da gogensa.

Sai dai auta ce ta ɗauki nauyin wannan ci gaba. Ƙungiyoyin makaɗa sun yi ta ɗaga muryar da suke daidaita kayansu a kai, saboda a ganinsu ta fi haske. A Landan muryar A ta kai kaɗawa 452 a daƙiƙa. Gwamnatin Faransa ta kafa doka a 1859 ta tsayar da ita a 435, sa'an nan wani taro a Landan a 1939 ya amince da 440. Kowane ɗan ƙari a murya ƙarin ɗauri ne, ita kuwa E ta hanji da ma a gaɓa take. Gumin yatsa yana cin ta, zafin zaure da numfashin jama'a suna sassauta ta. Tsinkewarta a tsakiyar wasa abu ne da aka saba gani, shi ya sa makaɗi ba ya rabo da wata a aljihu.

Yaƙi Ya Kawo Ƙarfe

Tun a ƙarshen ƙarni na 19 wasu makaɗa, irin su Willy Burmester da Anton Witek, suka soma ɗaura E ta ƙarfe. Da yawa sun ƙyamace ta, suna cewa muryarta tana da tsini, ta fi dacewa da masu kiɗan titi. Abin da gardama ta kasa yi, yaƙi ya yi shi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, hanyoyin ciniki sun toshe, kuma hanjin da ake yin tsirkiya da shi shi ne likitoci ke bukata don zaren ɗinke raunin sojoji. Hanji mai kyau ya yi wuya. Makaɗa suka koma ga ƙarfe ala tilas, da aka gama yaƙi kuma yawancinsu ba su waiwaya ba.

Dalili a fili yake. E ta ƙarfe kaurinta bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba, tana da araha, tana yin watanni, ba ruwanta da raɓa ko gumi, kuma muryarta tana keta amon taron makaɗa. Amma kowane allazi da nasa amanu. Ƙarfe ba ya miƙewa kamar hanji, don haka ɗan murɗi kaɗan a turken katako sai murya ta wuce gona da iri. Wannan ne ya sa aka ƙara wani ɗan noti a gindin tsirkiyar don daidaita ta a hankali. Bugu da ƙari, takan yi wani fito mara daɗi in aka tsallako kanta da izga daga maƙwabciyarta, kuma ta fi cizon yatsa.

A 1919 Franz Thomastik da Otto Infeld suka kafa kamfani a birnin Biyana na Ostiriya, suka shiga yin dukkan huɗun da ƙarfe. Irin waɗannan sun samu karɓuwa a makarantu da wajen masu kiɗan rawa, inda ƙarko da arha suka fi komai. Manyan gwanaye kuwa sai suka zaɓi gauraye. Jascha Heifetz, wanda ya rasu a 1987, an san shi da G ta hanji mai naɗin azurfa, da D da A na hanji tsantsa, da E ta ƙarfe. Idan muka lura, zamani uku ne ya jera a kan jaki ɗaya.

Zaren Nailan

An ƙirƙiro nailan a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, a 1938 kuma Paul Schlack ya samar da wani nau'insa a Jamus. Masu kiɗan jita ne suka riga kowa amfana, domin bayan Yaƙin Duniya na Biyu Andrés Segovia da Albert Augustine sun yaɗa tsirkiyar nailan. Goge bai samu tasa ba sai a 1970, lokacin da kamfanin Thomastik-Infeld ya fito da wadda ya kira Dominant. Cikinta tarin siraran zaruruwan nailan ne, an naɗe su da alminiyam ko azurfa. Tana da laushi kusa da na hanji, ba ta kuma damu da sauyin yanayi ba. Da manyan makaɗa irin su Itzhak Perlman suka karɓe ta, sai ta zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Daga shekarun 1990 kamfanoni sun ci gaba da haɗa sababbin zaruruwa masu jure ɗauri mai ƙarfi, don biyan bukatar masu son amo mai yawa.

Da mun zaci daga nan hanji ya kau, to da mun manta cewa da tsohuwar zuma ake magani. A daidai lokacin da nailan ke shigowa, wasu makaɗa sun tashi neman jin kiɗan Bach da Vivaldi da irin muryar da masu shi suka sani. Nikolaus Harnoncourt ya kafa ƙungiyarsa a Biyana a 1953, Christopher Hogwood ya kafa tasa a Ingila a 1973, dukkansu da tsirkiyar hanji. Wannan ya farfaɗo da ƙananan wuraren aiki a Italiya da Faransa da Amurka, inda masu bincike suka koma ga tsofaffin takardu suna tono dabarun da suka ɓace. Sana'ar ta sake shiga ƙunci bayan ɓullar cutar haukan shanu, sa'ad da Turai ta tsaurara dokokin sarrafa kayan cikin dabbobi, amma ta tsallake.

Abin da Mai Zaɓe Ya Gada

Makaɗin yau yana da gida uku a gabansa. Hanji yana ba da murya mai ɗumi da launi iri-iri, yana da laushi a yatsa, amma yana bukatar daidaitawa a kai a kai, ba ya kuma daɗewa. Ƙarfe yana amsa izga nan take, muryarsa tana da haske, yana da ƙarko, sai dai launinsa kaɗan ne. Nailan da danginsa suna tsakiya. Naɗin ma yana da nasa tasiri. Azurfa ta fi alminiyam nauyi, saboda haka D mai azurfa ta fi siranta a ƙarƙashin yatsa. Akwai kuma masu gumin da ke cinye alminiyam cikin 'yan makonni, dole su nemi wani ƙarfen.

Ƙa'idar da masu gyaran goge suka daɗe a kanta ita ce tsirkiya ta cike giɓin katako. Gogen da muryarsa ke da tsini akan ba shi tsirkiya mai ɗumi, wanda kuwa muryarsa ta dushe akan ba shi mai haske. Sa'an nan akwai batun ɗauri, wanda ba abin wasa ba ne. Tsirkiya huɗun nan a haɗe suna ja da ƙarfin da ya wuce kilo 20, E kaɗai tana ɗauke da kusan kilo 8, kuma wani kaso na wannan ƙarfi yana sauka ta jaki a kan fuskar katakon da kaurinsa bai wuce milimita 3 ba. Wani gogen ƙarin ɗauri yakan buɗe masa murya, wani kuwa sai ya shaƙe shi, amonsa ya mutu. Abincin wani gubar wani. Tsohon goge mai siririn katako sau da yawa ya fi sakin murya in an sassauta masa.

Yanayin ƙasa ma yana da ƙuri'a. Tsirkiyar hanji tana shan laima tana kumbura, tana bushewa tana ƙanƙancewa. Wanda ke kiɗa a wurin da damina ke cika iska da raɓa, hunturu kuma ya zo ya busar da komai, ya san abin da makaɗanmu na gargajiya suka sani game da fata da tsirkiya. A irin wannan wuri nailan ko ƙarfe sun fi kwantar da hankalin ɗalibi. A ƙarshe kuma akwai hannun makaɗin kansa. Mai danna izga da nauyi yana son tsirkiyar da za ta jure masa, mai hannu sakayau yana son wadda za ta amsa da ɗan taɓi. Shi ya sa har gobe za ka tarar da goge ɗaya ɗauke da tsirkiyar kamfani biyu ko uku.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga yadda naɗin waya ya warware matsalar muryar ƙasa a ƙarni na 17, yadda faɗin zaure ya ƙara wa tsirkiya ɗauri a ƙarni na 19, yadda yaƙi ya ɗora ƙarfe a kan jaki, da yadda nailan ya shiga tsakani a 1970. A duk waɗannan sauye-sauye babu sabon da ya kori tsoho kwata-kwata. Hanji da ƙarfe da nailan duk suna kasuwa, kowanne da masu nemansa. Ɗan ma'aunin Spohr ya koma gidan tarihi, kamfanoni yanzu suna buga ƙarfin ɗaurin kowace tsirkiya da lambobi. Amma lamba ba ta san katakon da za a ɗaura wa tsirkiyar ba, ba ta kuma san yatsan da zai taɓa ta ba. Don haka hanyar da Leopold Mozart ya bi a 1756 ita ce dai ta rage: a ɗaura, a goga, a saurara, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.